Karta Mai Kyau Ita Ke Cinye Mutum

Ina gaida na cikin garin Zuru, da na Dabai, da Rikoto, da Senchi, da Manga. Ina gaida mutanen Ribah da Wasagu, da na Mahuta, da na Dirin Daji. Musulminmu da Kiristanmu da masu riƙe da al'adar kakanni, kowa ya matso kusa da rediyo. Iyaye, in akwai saurayi a gida, don Allah a kira shi. Maganar yau tasa ce, kuma taku ce.

Yau a kan caca za mu tattauna. Ba irin wadda muka sani a da ba, wadda ake shimfiɗa tabarma a lungu, a sa yaro yana leƙen hanya. Ta yanzu ba ta neman lungu. Tana cikin waya. Mutum yana zaune tsakiyar iyalinsa yana yin ta, babu wanda ya sani.

Zan ɗauki wasa guda ɗaya in yi misali da shi, wasan karta da ake kira poka. Na san ba shi ne ya fi yawa a ƙasar Zuru ba. Cacar ƙwallon ƙafa ta fi shi nesa ba kusa ba, haka ma ta ɗan jirgin nan mai tashi a fuskar waya. Amma da dalili na zaɓe shi. Poka shi ne wasan da masu kare caca suke fakewa a bayansa. Sukan ce wannan ba sa'a ba ce, ilimi ne da lissafi. To, mu bi su har inda suka ce. Mu ji abin da ilimin nasu ya koyar.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Mummunar karta ba ta cika talauta mutum ba. Karta mai kyau ita ke cinye shi.

Bari mu fara da yadda ake wasan, don iyayenmu su gane abin da yaran ke yi. Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a rufe, shi kaɗai yake ganinsu. Daga nan sai a buɗe biyar a tsakiya, na kowa da kowa. Ba a buɗe su lokaci guda. Uku tukuna, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Kafin kowane buɗi ana zuba kuɗi, bayan na ƙarshe ma a sake zubawa. In zagaye ya zo kanka, ko ka ƙara kuɗi, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Wannan salon daga jihar Texas ta Amurka ya fito, ya yi suna a gidajen caca na Las Vegas, sannan ya hau intanet a ƙarshen shekarun 1990.

A cikin wannan wasa, abin da kowa ke mafarki shi ne ya buɗe kartarsa biyu ya ga tagwaye masu daraja. Sarki biyu, ko sarauniya biyu. Gaba da su duka kuwa, as biyu, wato karta mai lamba ɗaya. Babu hannun da ya fi as biyu a farkon wasa. Kuma ba ya zuwa da yawa. A lissafi, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Ku yi tunanin irin jiran da mutum zai yi kafin ya gan shi.

To, me gwanayen wasan suke cewa a yi da wannan hannu? Ku saurara da kyau, domin a nan asirin yake tonuwa.

Abu na farko da suke koyarwa, kada ka yi lamɓo. Kada ka shiga a hankali don ka yaudari mutane. Ka ƙara kuɗi tun kafin a buɗe komai, don ka kori masu yawa, ka rage abokin karawa ɗaya ko biyu. Me ya sa mai hannu mafi ƙarfi zai so mutane su gudu? Saboda ƙarfinsa yana raguwa da yawan jama'a. In mutum ɗaya ya tsaya maka har ƙarshe, za ka ci kimanin sau 85 cikin 100. In mutum biyar suka tsaya, abin ya koma kusan rabi da rabi. Ku ji fa. Hannun da babu kamarsa, rabin lokaci faɗuwa yake yi in teburi ya cika.

Abu na biyu ya fi na farko wuya. Sun ce bayan an buɗe na tsakiya, ka manta da kyan abin da ke hannunka, ka dubi abin da ke ƙasa. In ka ga kartoci sun jeru bi da bi, ko uku masu alama iri ɗaya sun fito, kuma wanda ya yi shiru tun ɗazu ya turo duk kuɗinsa, to ka yi shirin ajiyewa. Ka ajiye as biyu. Ka jefar da abin da ka daɗe kana jira. Wannan shi ne darasin da gwanaye ke cewa ya raba ƙwararre da ɗan koyo.

Sai kuma su ce, kada ka taɓa zama da kuɗin da kake bukata. Ka ware abin da ya ninka kuɗin zama ɗaya sau ashirin ko fiye, wanda in ya salwanta duka ba za a kwana da yunwa a gidanka ba. Na tambaye ku, 'yan'uwa, saurayi nawa ne a Zuru yake da irin wannan kuɗi a ajiye?

Yanzu bari mu sauko daga lissafi, mu zo kan bencin mai shayi. Mu ƙaddara saurayi ne ɗan kabu-kabu. Ya tashi aiki, ya kafe babur a gefe. An ɗauke wuta, hasken wayarsa ne kawai a fuskarsa. Shayinsa ya huce bai sani ba. Tun bayan magariba ake raba masa tarkace yana jefarwa, yana asarar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Can sai ga as biyu. Ya gyara zama. Ya ƙara kuɗi yadda aka koya masa. Mutum uku suka bi shi. Aka buɗe bakwai, da takwas, da sarauniya. Ya sake zubawa. Biyu suka janye. Na ukun bai bi kawai ba, sai ya ninka masa.

A nan zuciyarsa ta gaya masa gaskiya. Wannan mutumin yana riƙe da wani abu. Wataƙila bakwai biyu ne a hannunsa, ga ta uku ta faɗo masa a ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, yakan faru sau ɗaya cikin takwas ko tara ga mai ƙananan tagwaye. Uku kuwa ta fi biyu, ko da biyun as ne. Saurayin nan ya san haka. Amma ga agogo yana ƙirga masa daƙiƙa a fuskar waya. Ga wata murya tana ce masa, tun yaushe kake jiran wannan? Yatsansa ya tsaya a sama, ya ɗan yi rawa, sannan ya danna. Ya tura duka, har da kuɗin da zai kai wa mai babur da safe. Aka buɗe. Bakwai biyu ne.

Ku lura da abu guda. Duk tsawon daren da ake ba shi mummunar karta, aljihunsa yana nan. Hannu ɗaya mai kyau ya kwashe komai. Shi ya sa na ce muku, mummunar karta ba ta cika talauta mutum ba. Mai kyau ita ke cinye shi.

Daga nan zan juya ga abin da ya fi damuna, domin ya shafi halinmu mu mutanen wannan ƙasa.

An san Zuru da jarumtaka. Ba mu muka faɗa ba, Najeriya ce ta shaida. Ƙasar nan ta ba rundunar soja 'ya'yanta tun zamanin Turawa. Ta fitar da manyan hafsoshi, har da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru. A al'adar Dakarkari, wato Lelna, saurayi yakan shiga golmo, ya yi shekaru har bakwai yana noma a gonar surukai tare da tsaransa kafin a ba shi mata. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ba ya ajiye fartanya. A filin kokawa ma haka. A bikin Uhola ana alfahari da matasan da suka nuna juriya. Tun yaro yana ƙarami ake cusa masa cewa namiji ba ya ja da baya.

Wannan hali ne mai kyau, kuma ina alfahari da shi. Shi ya noma dawar da muke ci. Shi ya tsare ƙasa. Amma ku ji tsoron da nake ji. Caca tana kama mutum ta wajen halinsa mafi kyau. A gona, wanda ya jure shi ke girbi. A teburin caca, wanda ya jure shi ake kwashewa. Saurayin Zuru da aka rena a kan kada ya gudu, in an ce ya ajiye karta, gani yake an ce ya zama rago. In ya yi asara, sai ya ce ba zan tashi ba sai na ramo. Wannan kalma ta ramowa ta cinye babura. Ta cinye kuɗin makaranta. Ta cinye buhunan da aka ajiye don damina.

Ƙannena, ku tambayi tsofaffin sojojin da ke unguwanninku. Suna nan da yawa, kusan kowane layi akwai. Ku tambaye su ko soja yana ja da baya. Za su gaya muku yana ja. Kwamandan da ya ga an yi masa kwanton ɓauna, ya ce wa yaransa ku ci gaba don kada a ce mun ji tsoro, ba jarumi ba ne, ya kashe mutanensa ne a banza. Tashi daga wurin da babu nasara ba ragwanci ba ne.

Wani zai ce, to ni zan koyi ajiyewa, zan zama gwani. Madalla. Mu tafi mataki na gaba, mu ga wa ke ci a ƙarshe.

A kowane zagaye da aka buga, mai shafin yana cire kasonsa daga kuɗin da aka tara a tsakiya. A wurare da yawa kimanin biyar cikin ɗari ne, zuwa wani iyaka. Kamar dillali ne a kasuwar shanu, ko ka ci riba ko ka faɗi, la'adarsa tana nan. Sai dai dillali yana haɗa ka da saniya ka tafi da ita gida. Wannan kuwa babu abin da yake ba ka sai kujera. Kuma a intanet ana raba karta da sauri, fiye da ninki biyu na yadda hannun mutum zai raba. Duk rabo da la'adarsa. Ku tara mutum shida masu ƙwarewa daidai, su kwana suna wasa, kuɗi yana yawo tsakaninsu. Da asuba in an haɗa abin da ya rage a hannunsu, bai kai abin da suka zo da shi ba. Ragowar tana wajen mai gida, shi da bai riƙe karta ko ɗaya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai 'yan kaɗan a duniya da suke ci da wannan wasa. Sun mai da shi sana'a, suna da jari, suna nazari dare da rana. Amma abincinsu daga ina yake fitowa? Daga aljihun irin saurayin nan na bencin mai shayi. Ba su noma komai ba, ba su ƙera komai ba. Sai an sami mai asara sannan su ci.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba. Wa ke zaune a ɗaya ɓangaren? A kan tabarma kana ganin fuskar abokin wasanka, kana ganin hannun mai rabo. A waya ba ka ganin kowa. A shekarar 2007 an gano cewa a wani babban shafi mai suna Absolute Poker, wani na cikin gida yana ganin kartocin mutane a rufe, yana kwashe musu kuɗi. Ba da jimawa ba aka bankaɗo irin wannan a UltimateBet. A 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka a ƙasarsu. Sai ga shi ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, masu wasa suna bin sa kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Wasu sai da suka yi shekaru suna jira kafin su ga kuɗinsu. Wannan fa a Amurka ne, inda akwai kotu da lauyoyi a tsaye. Kai da ke Zuru, in shafin da ke wata ƙasa ya riƙe maka kuɗi, ƙofar wa za ka buga?

Ko babu ha'inci ma, akwai na'ura. A 2019 masana daga jami'ar Carnegie Mellon tare da kamfanin Facebook suka ƙera manhaja mai suna Pluribus. Ta zauna da zaratan 'yan poka na duniya a teburin mutum shida, ta cinye su. Na'ura ba ta jin haushi. Ba ta jin barci. Ba ta ƙaunar as biyu, in lissafi ya ce ta ajiye sai ta ajiye. Kai kuwa mutum ne, ka wuni a kan babur, ga gajiya, ga bashi a kanka.

Masu talla ba za su ba ku waɗannan labarai ba. Labarin da suke so shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee. A 2003 ya shiga gasa ta intanet da abin da bai kai dala ɗari ba, ya sami gurbi a babbar gasar duniya a Las Vegas, ya tashi da dala miliyan biyu da rabi. Gaskiya ne, ya faru. Bayansa dubban mutane suka ruga cikin wasan. Amma ɗaruruwan da suka zauna a gasar nan tare da shi suka koma gida hannu rabbana, babu jaridar da ta buga hotonsu. A unguwarku ma haka ne. Wanda ya ci sau ɗaya, gari duka zai ji. Masu asara shiru suke yi saboda kunya.

Yanzu bari in dawo da maganar kan abin da ya fi yawa a nan gida. Mai cacar ƙwallo zai ce ni ban san poka ba, wannan bai shafe ni ba. Ya shafe ka, ɗan'uwa. Kai ma kana da as biyunka. Shi ne wasan nan da kake cewa wannan tabbas ne, ba ya faɗuwa. A kan wasan da kake shakka, ɗari biyu kake sawa. A kan na tabbas kake zuba kuɗin haya. Ku tuna ranar 22 ga Nuwamba 2022, a gasar cin kofin duniya a Qatar. Ajantina da Messi a gefe guda, Saudiyya a ɗaya gefen. Wa ya yi zaton wani abu? Saudiyya ta ci biyu da ɗaya. Ajantina ta wuce ta ɗauki kofin daga baya, amma kuɗin da aka zuba a wancan wasa bai dawo ba. Kuma duk mun san kukan nan na gidan kallon ƙwallo, wai wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti. Kullum saura ɗaya. Wannan saura ɗayan shi ke dawo da mutum gobe.

Ina so in yi adalci ga matasanmu. Ba lalaci ne kawai ya kai su ba. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba. Iyalai sun bar gonakinsu sun dawo gari. Saurayin da ya tashi da fartanya a hannu, yau ga shi babu gona, babu aiki, abinci ya yi tsada. Waya tana ce masa ga hanya. Wanda ke cikin wannan hali ba zagi yake bukata ba. Kuma ku sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca a jerin cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar shaye-shaye. Wanda ta kama, faɗa kaɗai ba ya raba shi da ita.

Addinanmu ba su bar mu cikin duhu ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ya hana. A majami'u ma fastoci suna jan kunne kan kwaɗayin kuɗin da ba a yi wa gumi ba. Abin da nake roƙo shi ne, malamai da fastoci su sabunta misalansu. Yaran yanzu da yawa ba sa ɗaukar abin da ke cikin waya a matsayin caca. Suna ce masa wasa, ko hasashe, ko neman na data. A kira shi da sunansa a kan mumbari.

Ga hukuma kuma, dama ta samu. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce jihohi ne ke da ikon tsara wannan harka a cikin iyakokinsu. Ke nan magana ta dawo Birnin Kebbi. Wakilanmu na Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu a majalisar jiha, wannan aikinku ne. A dubi shagunan da ke kusa da makarantu. A dubi yaran da ba su kai shekara 18 ba suna shiga suna fita. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru ma ta riƙa tattauna wannan da ɗalibanta tun makon farko, kafin kuɗin rajista ya bi ta waya.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa saurin ganewa. In yaro ya daina barci, yana ɓoye fuskar waya, yana yawan rance, ko kaya sun fara ɓacewa a ɗaki, ku zaunar da shi cikin sirri. Kada a tara masa jama'a. Kada a biya masa bashi a ɓoye sau biyu sau uku, domin hakan yana ƙara masa igiya ne. A nemi kawunsa ko wani babba da yake jin nauyi, a yi maganar a fili.

Kai kuma ƙanena da kake saurarona, wataƙila wayar tana hannunka yanzu haka. Ban ce kai mutumin banza ba ne. Na san kana neman mafita ne. Amma kuɗin da ya tafi ya tafi, kada ka bi shi da wani. Daren nan ka goge manhajar. Ka ba wanda ka yarda da shi katin bankinka ya riƙe maka na ɗan lokaci. Ka gaya wa mutum ɗaya gaskiyar abin da ake bin ka. Kuma ranar da zuciya ta ce maka wannan karon tabbas ne, ka sani ranar ce ta fi kowace haɗari, ka ajiye wayar ka fita cikin mutane.

Allah ya ba ƙasar Zuru zaman lafiya, ya mai da manomanmu gonakinsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a kwana lafiya.